Brahms bai yi nauyi ba, makaɗa ne suka yi masa yawa

A ƙarshen makon da ya gabata na kai ziyara gidan wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, wanda ya yi karatu a Jamus a ƙuruciyarsa ya dawo da akwati cike da fayafayan garmaho. A ɗakinsa na fara jin simfoni, wato dogon kiɗan Turawa mai kashi-kashi da ƙungiyar makaɗa take yi, tun ina yaro, saboda haka duk lokacin da na samu wani naɗi da ya kama ni, shi nake fara kai wa. Wannan karon na tafi masa da simfoni huɗu na Johannes Brahms, Bajamushen mai tsara kiɗa na ƙarni na 19, waɗanda Charles Mackerras ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta Scottish Chamber Orchestra ta kaɗa, kamfanin Telarc kuma ya naɗa a birnin Edinburgh na Sikotland a 1997.

Bai bari kashin farko na simfoni na huɗu ya kai rabi ba, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, wannan Brahms ɗin naka ya rame. Ina sauran makaɗan suka tafi?" Na ce, "Baba, ai waɗanda suka fara kaɗa shi ma ba su fi haka yawa ba." Ya girgiza kai, ya miƙe ya ɗauko faifan jagora Herbert von Karajan da makaɗan Berlin.

Maganar ta tsaya mini a rai har na dawo gida, domin ba daga bakinsa kaɗai nake jin irinta ba. Masoya Brahms na dauri da kauri suke auna shi, idan sautin bai cika ɗaki ya danne ƙirji ba sai su ce an rage masa wani abu. A ɗaya gefen kuma akwai matasan da na gwada sanya wa wannan kiɗa suka ce ya yi musu duhu, komai a cakuɗe yake, sun kasa kama zarensa balle su bi shi. Ɓangarorin biyu sauti ɗaya suka ji, wato na manyan ƙungiyoyin makaɗa na ƙarni na 20. Waɗannan sun so shi, waɗancan sun guje shi, dukansu kuma suka jingina shi ga Brahms.

A ganina mafi yawan wannan kauri bai fito daga alƙalamin Brahms ba. Ya fito ne daga yawan masu goge da aka saba jerawa a kan dandamali bayan rasuwarsa. Naɗin Mackerras kuwa, duk da raunin da zan ambata a cikinsa, shi ne ya fi cancanta a fara miƙa wa wanda yake son ya ji abin da ke ƙunshe a waɗannan simfoni huɗu.

A fara da lissafi

A simfoni na huɗu, Brahms ya rubuta wa sarewa biyu, algaitar Turawa biyu, kilarinet biyu, basun biyu da babban basun ɗaya, ƙaho huɗu, kakaki biyu da turombon uku, sai tambura da ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku. Wannan adadi a rubuce yake cikin takardar kiɗan. Abin da takardar ba ta ƙayyade ba shi ne yawan masu goge, an bar wa kowace ƙungiya ta zuba iya waɗanda take da su.

Babbar ƙungiya ta zamanin nan takan zuba masu ƙaramin goge 16 a rukunin farko, 14 a na biyu, masu biyola 12, masu celo 10 da masu bas 8 (su ma nau'in goge ne masu kaurin murya), jimilla 60. Ƙungiyar fadar Meiningen, wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar Jamus, wadda ta fara kaɗa simfoni na huɗu ranar 25 ga Oktoban 1885 da Brahms kansa yana jagoranta, duka-duka ba ta kai mutum 50 ba. Idan aka cire masu busa da masu tambura, masu goge wajen 30 ne suka rage. Ƙungiyar Karlsruhe da ta fara kaɗa simfoni na ɗaya a Nuwamban 1876 ita ma girmanta bai wuce haka ba.

Duk wadda ta taɓa dafa miya ta san abin da wannan yake nufi. Idan uwargida ta auna gishiri da daddawa da yaji daidai tukunyar mutum goma, wani ya zo ya ninka ruwa da kuka bai taɓa sauran kayan ba, miyar za ta yi yawa ta yi kauri, amma ɗanɗanon da aka nufa ya nutse. Sarewa guda da aka rubuta mata ta yi magana a gaban goge 30, idan aka tsayar da ita gaban 60 sai dai a ga mai busa yana motsa yatsu. Wasu jagorori, har da Karajan, sukan magance wannan ta hanyar ninka masu busa a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi. Wannan yana dawo da daidaito ta fuskar ƙara, amma sautin gaba ɗaya sai ya ƙara kumbura.

Mackerras ya koma wancan adadi na farko. Bai yi amfani da tsofaffin goge irin na gidan tarihi ba, makaɗansa da kayansu na zamani suka zo, amma ya sa an busa ƙaho irin na Vienna da turombon mai siririn bututu, waɗanda sautinsu ya fi kaifi kuma bai cika faɗi ba. Ya kuma raba masu ƙaramin goge gida biyu, rukunin farko a hagunsa, na biyu a damansa, kamar yadda aka saba zama a ƙarni na 19. Ban yi mamakin yadda ya kula da masu busa ba, domin kafin ya zama jagora shi kansa mai busa algaitar Turawa ne a ƙungiyar makaɗa ta Sydney a Ostareliya, ya san yadda ake ji idan goge ya rufe mutum.

Abin da kunne yake samu

Simfoni na huɗu ba shi da gabatarwa. Goge ne yake buɗewa kai tsaye da sauti biyu-biyu, biyu su sauka, biyu su hau, kamar numfashin mutumin da ke cikin damuwa. A ƙarƙashinsu biyola da celo suna ta hawa kamar igiyar ruwa. Amma akwai na uku: bayan kowane numfashi na goge, masu busa suna maimaita shi a hankali, ɗan taki kaɗan a baya, kamar amsa-kuwwa. Na shekara da shekaru ina jin wannan wuri a fayafayan Baba ban taɓa lura da wannan amsa a matsayin murya mai zaman kanta ba, ina jin ta ne kamar wani ɗan hazo a bayan goge. A naɗin Mackerras ana jin ta sarai, sai buɗewar ta zama zance tsakanin ɓangarori biyu.

Jim kaɗan bayan haka, lokacin da jigon ya dawo karo na biyu, Brahms ya karkasa shi ya riƙa jefa shi tsakanin rukunin goge na farko da na biyu. Idan rukunan biyu suna zaune a gefe ɗaya, kamar yadda akasarin ƙungiyoyin ƙarni na 20 suka zauna, wannan jifa ba ya fitowa, sai a ji layi ɗaya kawai. Idan suna fuskantar juna kuwa, sautin yana tsallakawa daga hagu zuwa dama ya dawo. A nan zan roƙi mai karatu alfarma guda: kada ya saurari wannan naɗi da iyafis a kunne ɗaya, kamar yadda da yawa daga cikinmu muka saba idan muna cikin mota ko a bakin aiki, domin rabin zancen zai tafi kunnen da aka bari a buɗe.

Akwai kuma batun kari. Brahms yana matuƙar son ya sa wani rukuni yana tafiya da bugu biyu yayin da wani yake tafiya da uku a lokaci guda, ko ya gusar da nauyin bugu daga inda ake tsammaninsa. Kunnen da ya tashi da jin kalangu da ganga suna saɓa wa juna da gangan ba baƙo ba ne ga wannan, hasali ma shi ne abin da zai fara ja masa hankali. Sai dai saɓanin ba ya jiyuwa sai kowane bugu ya fito da bakinsa. Goge 60 da ke jan baka mai tsawo suna shafe waɗannan bakuna, su mayar da kari biyu masu ja-in-ja wani abu guda mai laushi. Ina kyautata zaton wannan ne duhun da matasan nan suke kuka da shi.

Inda hujjata ta fi ƙarfi shi ne kashi na huɗu. Brahms ya gina shi ne a kan sautuka takwas kacal, waɗanda ya aro tushensu daga wata waƙar coci ta Bach, wani tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, ya ɗan sauya su. Masu busa ne suke shelanta su da farko, har da turombon da suka yi shiru tun daga farkon simfonin suna jiran wannan wuri. Daga nan sautukan takwas suna dawowa sau 30, kowane karo da wani sabon abu a kansu. Wanda ya san waƙar baka zai gane tsarin nan take: gindin waƙa yana nan daram, ɗiya ne suke sauyawa. Bambancin kawai shi ne, a nan gindin yakan ɓuya, wani lokaci a bas, wani lokaci a tsakiya, wani lokaci a warwatse cikin jigon da ke sama, kuma daɗin sauraron yana cikin iya gano shi duk inda ya shiga. A naɗin Mackerras ban taɓa rasa shi ba.

A dawowa ta 12 komai yakan lafa, sarewa guda ta rage tana hawa a hankali tana yankewa kamar mai magana cikin kuka, goge da ƙaho suna riƙe mata ƙasa da ɗan sauti kaɗan. Bayanta kilarinet da algaita su yi musayar 'yan kalmomi, sannan turombon uku su shigo da murya ƙasa-ƙasa kamar masu addu'a. A manyan ƙungiyoyi wannan wuri yakan zo kamar an fita daga babban fili an shiga wani ɗaki daban, domin tazarar da ke tsakanin ƙarar mutum 90 da sarewa ɗaya ta yi yawa. A nan kuwa sarewar ta kasance cikin zancen tun farko, an riga an san muryarta, saboda haka da aka bar ta ita kaɗai sai kaɗaicin ya fi taɓa zuciya.

Baba ya ce sautin ya rame, har yana da ɗan tsami. Ban musa tsamin ba. Brahms ya rubuta wannan simfoni ne a damunar 1884 da ta 1885 a Mürzzuschlag, wani gari a cikin duwatsun Ostiriya, kuma shi da kansa ya rubuta wa Hans von Bülow, jagoran makaɗan Meiningen a lokacin, cewa yana tsoron kiɗan ya ɗauko ɗanɗanon yanayin wurin, inda 'ya'yan ceri ba sa nuna su yi zaƙi. Da aka fara gwada shi a kan piyano biyu gaban abokansa, mai sharhin kiɗa Eduard Hanslick ya ce ya ji kamar wasu masu kaifin basira su biyu suna ta dukansa. Kiɗan da mai shi ya siffanta da ɗanyen ɗan itace, abokinsa kuma ya ji shi kamar duka, bai kamata ya iso kunnenmu a jiƙe da zuma ba.

Amma ai a Vienna ma an kaɗa shi

Wannan ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kaina, kuma gaskiya ce. Simfoni na biyu da na uku a Vienna aka fara kaɗa su, a Disamban 1877 da Disamban 1883, Hans Richter yana jagorantar makaɗan Vienna Philharmonic, ƙungiyar da ta fi ta Meiningen girma nesa ba kusa ba. A Vienna Brahms ya zauna, ya san wannan sauti, ya kuma yi farin ciki da shi. Ranar 7 ga Maris 1897, yana fama da ciwon ajali, a gaban wannan babbar ƙungiya ya zauna ya ji simfoni na huɗu, jama'a suka yi ta tafi bayan kowane kashi, bai kuma cika wata guda ba ya rasu. Saboda haka ba daidai ba ne wani ya ce Brahms ƙaramar ƙungiya kaɗai yake so, kuma rubutun da Telarc ya sa a jikin fayafayan, cewa an bi salon Meiningen, ya fi dacewa da simfoni na huɗu fiye da sauran ukun.

Abin da tarihi ya tabbatar bai kai haka faɗi ba, amma ya ishe ni. Brahms ya yarda da ƙungiyar da ba ta kai mutum 50 ba har ya damƙa mata sabon aikinsa mafi wuya. Tun 1881 Bülow ya buɗe masa ƙofar Meiningen ya riƙa zuwa yana gwada ayyukansa kafin a kai su manyan birane, kuma bayan an fara kaɗa simfoni na huɗu ya bi wannan ƙungiya rangadi a garuruwan Jamus da Holan. Mutumin da yake ganin an rage wa kiɗansa wani abu ba zai yi haka ba. Tarihi ya halatta girman biyu ke nan, zaɓi ya koma ga kunne, kunnena kuwa ya fi samun Brahms a ƙaramar.

Inda Baba yake da gaskiya

Simfoni na ɗaya daban yake. Brahms ya kwashe shekaru wajen 20 yana fama da shi, inuwar Beethoven, wanda ya gabace shi ya bar simfoni tara, tana kansa, har Bülow ya yi masa laƙabi da simfonin Beethoven na goma. Yana buɗewa da tambari yana dukan sauti ɗaya ba ƙaƙƙautawa, goge suna ta hawa da ƙyar, masu busa suna saukowa. Wannan wuri yana buƙatar a ji kamar ana tura dutse zuwa saman tudu, kuma a nan makaɗan Sikotland ba su da isasshen ƙarfin kafaɗa. Haka ma babban jigon kashi na ƙarshe, wanda goge suke rerawa a kan tsirkiyarsu mafi kauri. Idan makaɗan Berlin suka ja shi, akwai wani ɗumi da faɗi da mutum 30 ba za su iya bayarwa ba ko da sun kai iyakar ƙwarewa. Karajan ya naɗa waɗannan simfoni huɗu da Berlin har sau uku, kuma wanda ya tashi da wannan sauti yana da hujjar kewarsa.

Ko a nan ma an samu wani abu a madadin abin da aka rasa. Kafin wancan jigo akwai kiran ƙaho, wanda Brahms ya fara aika wa aminiyarsa Clara Schumann, mai kaɗa piyano, a 1868 a matsayin gaisuwar zagayowar ranar haihuwarta, yana kwaikwayon dogon ƙahon makiyayan duwatsun Suwizalan. Da ƙahon Vienna, kuma ba tare da tarin goge a gabansa ba, kiran yana fitowa kamar daga nesa a sararin Allah, kuma ban ji inda ya fi haka kyau ba.

Dole kuma in ambaci Carlos Kleiber, wanda ya naɗa simfoni na huɗu da makaɗan Vienna a 1980. Ƙungiyarsa babba ce, amma kusan komai yana jiyuwa, kuma ƙarshen kashin farko da na huɗu suna ci da wata wuta da Mackerras bai kai ta ba. Wannan ya nuna cewa yawan makaɗa ba dole ne ya haifar da duhu ba, idan aka samu jagoran da zai iya danne goge 60 su yi magana a hankali. Sai dai irin Kleiber ba su da yawa, shi ma simfoni ɗaya tak ya naɗa a situdiyo a cikin huɗun. Abin da yake samu da ƙoƙari na musamman, ƙaramar ƙungiya tana samunsa tun daga yadda aka zaunar da ita.

Raunin da na fi gani a naɗin Mackerras ba shi da alaƙa da adadi. Ya yi nazarin alamomin da Fritz Steinbach, jagoran Meiningen daga 1886, ya bari a kan takardun kiɗan, waɗanda almajirinsa Walter Blume ya tattara ya fitar a 1933. Suna nuna inda za a ja da baya da inda za a ƙara sauri, kuma Brahms ya yaba wa yadda Steinbach yake kaɗa ayyukansa. Mackerras ya bi wannan hanya, galibi kuma ta yi kyau, domin kiɗan yana numfashi maimakon ya yi tafiyar soja. Amma akwai wurare, musamman a kashin farko na simfoni na biyu, da nake jin jan bayan ya zo ne don an karanta shi a takarda, bai taso daga cikin kiɗan ba. Wanda ya koyi girki daga littafi da wanda ya koya a gindin murhu sukan zuba abu ɗaya a lokaci ɗaya, amma mai ci yana ganewa.

Duk da haka hanyar da ya bi ba ta mutu da shi ba. Ya rasu a 2010, kuma kafin nan da bayan nan wasu sun naɗa Brahms da ƙananan ƙungiyoyi, cikinsu har da Paavo Berglund da Chamber Orchestra of Europe, da Robin Ticciati wanda ya sake yin huɗun da waɗannan makaɗa na Sikotland. Na saurare su, kowanne yana da abin da ya ƙara, amma na Mackerras nake komawa, wataƙila don shi ne ya fara buɗe mini kunne.

Na yi wa Baba alkawarin komawa ranar Asabar, kuma simfoni na uku zan sa masa. Shi ne mafi gajarta a cikin huɗun, kuma dukan kashinsa huɗu a hankali suke ƙarewa, babu wanda ya rufe da ƙara, saboda haka ba za mu yi gardamar ƙarfi ba. Kashi na uku yana buɗewa da celo suna rera wani jigo mai sanyi, ƙananan goge suna yi masa saƙa a gefe da sautuka uku-uku, sannan can gaba ƙaho guda ya karɓi jigon ya maimaita shi. Zan roƙe shi ya bar jigon, tunda ya haddace shi shekaru da dama, ya sa kunne ga saƙar da ke gefe, ya faɗa mini ko ya taɓa jin ta haka a faifan Berlin.